Mintuna Huɗu a Bakin Kanal: Yadda Ake Farfaɗo da Zuciyar da ta Tsaya

Duk shekara, idan rani ya yi tsakiya, nakan ɗebi ɗalibaina na aji uku mu nufi gonakin noman rani da ke tsakanin Kura da Bunkure, domin tsintar ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa, waɗanda ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Wata rana irin wannan, da hantsi, muna duƙe a bakin wani kanal sai muka ji kururuwa daga can gaba. Ko da muka isa, mun tarar wasu samari sun tsamo wani yaro da bai fi shekara 7 ba daga cikin ruwa. Ɗaya daga cikinsu ya kama ƙafafunsa ya ɗaga shi kai a ƙasa yana jijjigawa, wai don ruwan ya fita. Da aka ajiye shi, wani dattijo ya shiga matsa masa ciki. Daga nan aka aika neman babur, aka jira, aka ɗora shi tsakanin mutum biyu, aka kama hanyar asibiti. Kafin la'asar labari ya dawo ƙauyen cewa yaron ya cika.

Duk abin nan da ake yi ina tsaye ina kallo. Na shafe shekaru ina koyar da yadda zuciya da huhu ke aiki, ina iya zana su a allo ba tare da na dubi littafi ba, amma a ranar hannuna bai san abin da zai yi ba. Ba zan ce da na san abin yi yaron zai rayu ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na tabbatar shi ne, cikin mutum fiye da 20 da suka kewaye shi, har da ni da ɗalibai masu karatun ilmin halittu, babu wanda ya hura masa numfashi ko sau ɗaya. Wannan ne ya kai ni neman horo a kan dabarar farfaɗo da zuciya da numfashi, wadda ma'aikatan asibiti ke kira CPR, shi ne kuma dalilin wannan maƙala.

Zuciya da wutar da ke cikinta

Zuciyar babban mutum ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, watau kusan sau 100,000 a yini da kwana, tana tura jini kimanin lita 5 kowane minti. Tana da ɗakuna huɗu: biyu na sama masu karɓar jini, biyu na ƙasa masu tunkuɗa shi zuwa huhu da sauran jiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wutar lantarki ce ke tafiyar da wannan aiki. A saman ɗakin dama akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin halitta da ke haifar da tartsatsin wuta a kai a kai. Wutar takan bi hanyoyinta ta sauka ɗakunan ƙasa, sai dukan tsokar ta matse a tare, jini ya fita.

Idan wani abu ya dagula wannan tsari, sai kowane sashe na tsokar ya kama motsi don kansa. Zuciyar ba ta tsaya cik ba tukuna, tana karkarwa ne kamar tsokar dabbar da aka yanka yanzu, amma ko cokali ɗaya na jini ba ta turawa. Wannan ita ce karkarwar zuciya. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 mutum zai yanke jiki ya faɗi. Idan ba a yi kome ba, karkarwar za ta yi ta raguwa har ta mutu murus.

Ya kamata mai karatu ya bambanta abu biyu da muke haɗawa mu kira “bugun zuciya”. Na farko toshewar jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya ne: mutum yana farke, yana kukan ciwon ƙirji, yana gumi, yana numfashi. Wannan asibiti yake bukata cikin gaggawa, ba a danna masa ƙirji. Na biyu tsayawar zuciya ne: mutum ya faɗi, ba ya amsa kira, ba ya numfashin kirki. Na farkon yakan jawo na biyun, amma ba abu ɗaya ba ne.

Matsalar duka tana ga ƙwaƙwalwa. Tsokar ƙafa tana iya jure rashin jini na tsawon sa'o'i, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da rumbun ajiya. Bayan minti 4 zuwa 6 babu iskar oksijin, ƙwayoyinta sukan fara mutuwa, bayan minti 10 kuma da wuya ta koma yadda take. Masana sun ƙiyasta cewa duk mintin da ya wuce ba a danna ƙirjin mai karkarwar zuciya ba, damar rayuwarsa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100.

Nisan da ke tsakanin gona da asibiti

To, mu auna waɗannan mintuna da hanyoyinmu. Daga Kura zuwa birnin Kano kusan kilomita 30 ne. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, watau ta ɓangarenmu yake, amma ko da mota tana tsaye a kunne, kafin a wuce gadar Tamburawa mintuna goman sun ƙare. Manomin da ya faɗi a tsakiyar gonar shinkafa kuwa, kafin a fito da shi bakin titi ma an cinye su. Haka lissafin yake ko da Babban Asibitin Kura ko na Dawakin Kudu aka nufa. Ba laifin asibiti ba ne. Ko a biranen Turai motar asibiti ba ta cika isa cikin minti 4 ba. Saboda haka duk duniya, ran wanda zuciyarsa ta tsaya yana hannun wanda ke tsaye kusa da shi, bayan ikon Allah.

Wannan yanki kuma yana da nasa haɗurra. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya shigo ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam rani da damina. Ya kawo shinkafa da alkama da tumatir da albasa, ya kuma kawo kanal a bayan gidajen mutanen da kakanninsu ba su gaji iyo ba. Yara na wanka a ciki, mata na wanki, samari na wanke babura. Inda aka yi wa gefen kanal siminti gansakuka takan sa santsi, wanda ya zame ba ya samun abin kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma yara ƙanana na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A shekarar ce, ranar 30 ga Nuwamba, kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutum kusan 30 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

Bayan ruwa akwai tsawa, wadda ke samun manomi a fili da damina. Akwai wayar lantarki a injinan casar shinkafa. Akwai hawan jini, wanda kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya ke ɗauke da shi, da yawa ba su ma sani ba. Har ila yau akwai ciwon zuciyar masu jego, wanda arewacin Nijeriya ke cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suna danganta shi da wankan jego da kunun kanwa, binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano a baya-bayan nan kuwa ya fi karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyom. Zuciyar da ta kumbura ta raunana irin haka tana iya shiga karkarwa ba sallama.

Abin da hannu zai yi

Idan mutum ya faɗi a gabanka, fara duba ko wurin da haɗari. In wutar lantarki ce, a kashe ta, ko a ture wayar da busasshen itace. Sa'an nan ka dafa kafaɗunsa ka girgiza, ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kwantar da shi rigingine, ka dubi ƙirjinsa na tsawon da bai wuce daƙiƙa 10 ba. Kada ka ɓata lokaci wajen laluben bugun jijiya a wuya ko a hannu, ko ma'aikatan lafiya sukan yi kuskure a nan. Ƙa'idar ita ce: ba ya amsawa, ba ya numfashin kirki, to fara danna ƙirji.

A nan akwai wata gaɓa da nake so a lura da ita ƙwarai. A mintunan farko bayan zuciya ta tsaya, da yawa sukan riƙa jan wani irin numfashi jefi-jefi, da kakari, baki a buɗe. Mu Hausawa mun san shi, muna ce masa gargara. Da zarar mun ji shi sai mu ce ai rai ne ke fita, mu shiga laƙƙana kalmar shahada. Wasu kuma su ce ai yana numfashi, a yi masa fifita. A ilmin halitta, wannan kakari alama ce cewa ƙasan ƙwaƙwalwa bai mutu ba, kuma masu yin sa sun fi waɗanda suka yi shiru damar farfaɗowa. Ga wanda ya daɗe yana jinya, kowa ya san inda aka dosa, ba a kansa nake magana ba. Amma ga wanda yake tafe da ƙafarsa minti ɗaya da ya wuce, gargara kira ne na a fara aiki. Babu kuma abin da ya hana a haɗa biyun: wani ya durƙusa wajen kunnensa yana laƙƙana masa, wani yana danna ƙirji.

Kada ka ce “jama'a a taimaka”, domin kowa zai dubi na kusa da shi. Nuna mutum ɗaya ka ce ya kira lambar gaggawa 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra in a kan titi ne, ka nuna wani ya ruga ya kira ma'aikacin lafiya mafi kusa, wani kuma ya nemo mota.

Wurin kwanciyar ya zama mai tauri. In a kan katifa yake, a sauko da shi ƙasa. Durƙusa a gefensa, ka ɗora tudun tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, kan rabin ƙasa na ƙashin da haƙarƙari ke haɗuwa a jikinsa, ka ɗora ɗaya hannun a kai. Miƙe gwiwar hannu, ka sa nauyin jikinka, ka danna ƙirjin ya shiga santimita 5 zuwa 6, kusan faɗin yatsu uku ke nan. Sa'an nan ka saki ya dawo daidai, amma kada ka ɗauke hannu. Saurin shi ne sau 100 zuwa 120 a minti, watau kusan sau biyu kowace daƙiƙa. Wanda ya taɓa jin luguden mata biyu a turmi ɗaya ya san irin saurin da ake nufi.

Me dannawar ke yi? Tana matse zuciya tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya, tana kuma ƙara matsi a cikin kogon ƙirji, sai jini ya fita. Da ka saki, sai ta sake cika. Jinin da ake samu ta haka bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wanda lafiyayyar zuciya ke turawa ba, amma ya isa ya riƙe ƙwaƙwalwa. Shi ya sa tsayawa ke da illa: duk lokacin da ka dakata, matsin jinin da ka tara yakan zube, sai ka sake tara shi daga farko. Aiki ne mai gajiyarwa, in akwai mutum na biyu ku riƙa canji duk minti 2. Wani lokaci haƙarƙari yakan karye, musamman ga tsofaffi. Kada wannan ya tsayar da kai, karaya tana warkewa.

Wanda ya sami horo, bayan dannawa 30 sai ya hura numfashi sau 2. Zai dafa goshi ya tura kan baya, ya ɗaga haɓa, ya toshe hanci, ya haɗa bakinsa da na mai ciwon ya hura na daƙiƙa ɗaya har ya ga ƙirji ya tashi. Ɗalibaina sukan tambaya, ina amfanin iskar da aka riga aka shaƙa? Iskar sarari tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuwa tana da saura kimanin kashi 16. Ta wadatar. Wanda ba zai iya sa baki ba, ya ci gaba da dannawa kawai. Ga babban mutumin da ya faɗi farat ɗaya, jininsa na ɗauke da sauran oksijin na 'yan mintuna, dannawa kaɗai tana aiki sosai. Daɗin daɗawa, in ana zaton maganin feshi ko ƙwayar adana hatsi mutum ya sha ko ya shaƙa, kada a sa baki ko kusa, a tsaya ga hannu.

Wanda aka tsamo daga ruwa

Nutsewa dabam take. Zuciyar yaron nan na bakin kanal lafiyarta ƙalau, iska ce ta yanke mata har ta gaji ta tsaya. Saboda haka numfashi shi ne kan gaba. Ƙa'idar da ake koyarwa a Turai ita ce a fara da hurawa 5, sa'an nan a shiga dannawa 30 da hurawa 2. Ga yaro ƙarami hannu ɗaya ya isa, ga jariri kuwa yatsu ake sawa, a danna kimanin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirji, mai hurawa kuma ya rufe baki da hancin jaririn gaba ɗaya da bakinsa, ya hura kaɗan.

Jijjiga yaro kai a ƙasa da matsa ciki, waɗanda muka gada, ɓata lokaci ne, har da cutarwa. Ruwan da ke shiga huhu yawanci ba shi da yawa, jini kuma yakan tsotse shi. Wanda muke gani yana bulbulowa idan an matsa ciki daga tumbi yake fitowa, tare da abinci, kuma yana iya komawa ta maƙogwaro ya toshe hanyar iska. In amai ya zo da kansa, abin da kan faru sau da yawa, a juya shi gefe, a share bakin, a mayar da shi rigingine a ci gaba. In numfashi ya dawo, a kwantar da shi a kan gefensa, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi, kuma lalle a kai shi asibiti ko da ya tashi yana magana, domin huhu yakan kumbura bayan sa'o'i.

Wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa don ceto, gawa biyu za a tsamo. A miƙa gora ko igiya, ko a jefa jarkar da babu kome a ciki, murfinta a rufe. Wanda tsawa ta faɗa wa kuwa, jikinsa ba ya riƙe wuta, taɓa shi ba ya cutar da kowa, kuma yana cikin waɗanda wannan dabara ta fi yi wa amfani.

Sai batun ɗauka. A kan babur ba a iya danna ƙirji, a cikin A-daidaita-sahu ma da ƙyar. Duk mintin da aka yi a kan babur, minti ne da ƙwaƙwalwa ta yi babu jini. Gara a tsaya a wurin ana aiki har numfashi ya dawo, ko ma'aikacin lafiya ya iso, ko a samu a-kori-kura inda za a shimfiɗe shi a ci gaba da dannawa a hanya.

Na'urar da ke tsayar da karkarwa

Dannar ƙirji tana sayen lokaci ne, ba ta cika kawar da karkarwar zuciya ba. Abin da ke kawar da ita shi ne bugun wutar lantarki mai ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido. Mutane suna zaton wutar tana tayar da zuciya kamar yadda batir ke tayar da mota. Ba haka ba ne. Tana tsayar da dukan ƙwayoyin tsokar a lokaci guda, kamar malamin da ya buga bulala a ƙasa aji ya yi tsit, don gungun nan na saman ɗakin dama ya sami damar karɓe ragama. In zuciya ta riga ta mutu murus babu sauran karkarwa, wutar ba ta da abin da za ta gyara.

Ilmin ba sabo ba ne. A 1899 wasu masana biyu a Janeba, Prevost da Battelli, suka nuna haka a zuciyar karnuka. A 1947 likita Claude Beck na Amurka ya farfaɗo da wani yaro ɗan shekara 14 ta wannan hanya, ƙirjinsa a buɗe a ɗakin tiyata. A 1960 Kouwenhoven da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka bayyana cewa danna ƙirji daga waje yana tafiyar da jini. A 1965 kuma Frank Pantridge na Belfast ya sa na'urar a motar asibiti. Nauyinta kusan kilo 70 ne, da batirin mota take aiki.

Ta yau ba ta fi ƙaramar jakar makaranta ba, an rubuta AED a jikinta, kuma an yi ta ne don wanda ba likita ba. Ka kunna, ta yi magana ta gaya maka abin yi. Za ka buɗe ƙirji, ka goge shi in a jiƙe yake, ka manna faifai biyu: ɗaya a saman ƙirji ta dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata. Na'urar za ta karanta wutar zuciyar da kanta. In ta ga karkarwa, za ta ce kowa ya ɗauke hannu, a latsa maɓalli. In ba ta gani ba, ba za ta saki wuta ba ko an latsa. Da an buga, a koma dannawa nan take.

Masu kallon ƙwallo sun ga bambancin da idonsu. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas ana wasa da Angola, bai tashi ba. Ranar 8 ga Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, jaridu suka ruwaito cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, shi ma ya rasu. Ranar 12 ga Yuni 2021 Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Kofanhegan. Nan take aka fara danna masa ƙirji, aka buga masa wuta sau ɗaya, zuciyarsa ta dawo. A 2022 ya buga gasar cin kofin duniya a Ƙatar.

To, sai mu ce a sayo na'urar a rarraba ƙauyuka? A ganina ba daga nan za a fara ba. Kuɗin guda ɗaya yakan kai dalar Amurka 1,000 zuwa 2,000. Ba ta bukatar wutar NEPA, amma batirinta da faifanta suna da wa'adi, sai an riƙa sauyawa bayan 'yan shekaru, zafin watan Afrilu a cikin shagon kwano ko rufaffiyar mota kuma yana iya lalata su. Amfaninta mafi girma yana cikin mintuna 3 zuwa 5 na farko, don haka wadda ke kulle a ofishin shugaba, mabuɗi yana aljihunsa ya tafi Kano, da ita da babu duk ɗaya. Ga wanda ya nutse kuma, yawanci ba karkarwa ce ke kashe shi ba, hannu da baki sun fi na'ura yi masa amfani. Inda ta dace shi ne inda manya ke taruwa da yawa: kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a lokacin kaka, kasuwar shinkafa ta Kura, manyan masallatan Juma'a, tashoshin mota, da kowace cibiyar lafiya ta matakin farko. A birni kuma, Kantin Kwari da Dawanau da filin wasa na Ƙofar Mata da sansanin alhazai. A rataye ta a bango inda kowa zai gani, a ba mutum ɗaya alhakin duba ta kowane wata.

Abin da ke riƙe mana hannu

Da na fara koyar da wannan dabara, na ga ba wuyarta ce ke hana mutane ba. Abu na farko tsoron hukuma ne: kada mutum ya mutu a hannunka a ce kai ne. Tsoro ne mai dalili. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga kuma ta hana a tsangwami wanda ya kawo su. Ya kamata Majalisar Dokokin Jiha ta shimfiɗa irin wannan kariya a fili ga duk wanda ya yi taimakon farko da kyakkyawar niyya.

Na biyu, wasu na ganin kamar jayayya ce da ajali. Amsata ita ce, wanda ajalinsa ya yi babu hannun da zai dawo da shi, kuma gaskiya ne cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, cikin mutum 10 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti kusan ɗaya ne ke komawa gida. Amma ba mu san wanne ne ɗayan ba. Mutumin da ke kai ɗansa asibiti don zazzaɓi bai yi jayayya da ƙaddara ba, mai danna ƙirji ma haka.

Na uku kunya ce. Namiji zai yi nauyin taɓa ƙirjin matar da ba muharramarsa ba, ko da malamai sun yi bayanin hukuncin lalura. Maganin da ya fi sauƙi shi ne mata su koya. Yawancin tsayawar zuciya a gida take faruwa, yaron da ya faɗa rijiya ko bahon wanki kuma uwarsa ko yayarsa ce ke fara ganinsa.

Wa za a koya wa?

Denmak ta sa wannan horo a makarantun firamare a 2005, ta kuma wajabta shi ga mai neman lasin tuƙi a 2006. Tsakanin 2001 da 2010, yawan waɗanda mutanen gari suka danna wa ƙirji kafin zuwan motar asibiti ya tashi daga kashi 21 zuwa 45 cikin 100, waɗanda suka rayu kuma daga kashi 3.5 zuwa kusan 11. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan shirin koyar da yara daga shekara 12, sa'a 2 kacal a shekara.

Mu ba sai mun ƙirƙiro sababbin ƙungiyoyi ba. Muna da 'yan agaji na Fityanul Islam da na Izala da na Jama'atu Nasril Islam, masu kayan sarki, waɗanda ba a Juma'a ko Idi ko Maulidi sai da su. Muna da Red Cross, da 'yan kwana-kwana, da ungozomomi, da masu kemis, da 'yan yuniyon na tasha, da masunta, da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan kanal, da makarantun Islamiyya na matan aure. Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda tun kafa ta a 1977 take yaye ɗaliban da suka zama likitoci, za ta iya sa wa kanta ƙa'idar cewa babu ɗalibin da zai fita bai durƙusa a kan mutum-mutumin koyo ba. Karatu a takarda, har da wannan da kake yi yanzu, ba ya maye gurbin horo. Sai hannu ya ji yadda zurfin santimita 5 yake, kuma hannu yana mantuwa, sai an riƙa sabuntawa duk shekara. Ba a kuma gwadawa a kan lafiyayyen mutum.

Yanzu idan za mu fita tsintar dodon koɗi, mukan sa mutum-mutumi biyu a bayan mota, babba da na jariri. Kafin kowa ya shiga ruwa sai mun shimfiɗa tabarma a inuwa, kowane ɗalibi ya yi minti 2 yana dannawa. Manoma sukan ajiye fartanya su zo kallo, da farko da dariya, daga baya wani ya naɗe hannun riga ya durƙusa. A fitarmu ta bara wani mai gonar albasa ya ja ni gefe ya ce, “Malam, in kun dawo ku zo da ɗalibai mata, a shiga da na jaririn nan cikin gida.” Mun sa ranar Asabar ta biyu bayan an saki ruwa.